Andrew Foster: Kurman Da Ya Buɗe Wa Kuramen Afirka Ƙofar Makaranta

Mun kawo muku tarihin wani bawan Ubangiji wanda da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin ko sunansa ba, ko da yake ya yi shekaru yana zaune a ƙasarmu, a nan aka ɗaura masa aure, kuma har a garin Kaduna ya kafa makaranta. Sunansa Andrew Jackson Foster, baƙar fata ne mutumin Amurka, kurma ne kuma. Idan ka taɓa zuwa sujada a wata babbar majami'a a Jos ko Kaduna ka ga wani ya tsaya a gefen bagadi yana fassara wa'azi da hannu, kurame kuwa suna zaune sun zuba masa ido, to, ka ga wani abu daga cikin amfanin gonar da wannan mutum ya shuka.

Abin da ya sa na nemi tarihinsa shi ne, akwai wani yaro ɗan shekara huɗu a ikilisiyarmu wanda ciwon sanƙarau ya kama tun bai cika shekara biyu ba. Allah ya tashi kafaɗarsa, amma jinsa ya tafi. Iyayensa suka yi ta faɗi-tashi, da gudummawar dangi da ta ikilisiya da ta wata ƙungiyar agaji, har aka yi masa aikin dasa na'urar ji a cikin kunne. Yanzu idan ka kira sunansa yakan waiwayo. Amma sai wata gardama ta tashi a gidan. Kafin aikin, uwar da yaron sun saba magana da hannu, suna fahimtar juna sarai. Bayan aikin, kakarsa da waɗansu dangi suka ce a bar wannan, wai idan ana yi masa magana da hannu zai yi ƙyuya, bakinsa ba zai buɗe ba, ga shi an kashe dukiya mai yawa. Uwar ta same ni bayan ajin baftisma tana neman shawara, hankalinta a tashe. Ni ba likita ba ne, katikis ne kawai. Shi ya sa na koma in duba yadda waɗanda suka riga mu suka yi da wannan al'amari.

An haifi Andrew Foster ran 27 ga watan Yuni, 1925, a wata unguwa da ake kira Ensley a birnin Birmingham, cikin jihar Alabama ta kudancin Amurka. Mahaifinsa ma'aikaci ne a ramin haƙar kwal. Yaron ya tashi da jinsa garau, yana magana, yana zuwa makaranta kamar kowane yaro. Yana da shekara 11 sai sanƙarau ya kama shi tare da ƙanensa Edward, dukansu biyu kuwa suka tashi ba sa ji. Mu mutanen Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ciwo ba. Mun san shi da lokacin zafi, daga ƙarshen hunturu zuwa faɗuwar ruwa, mun san zafin jiki da sanƙarewar wuya, kuma waɗanda suke da wayo a 1996 ba za su manta da annobar da ta kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan ta kashe fiye da 11,000 ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira a wannan shekara, da kurumta suka tashi. Ciwon da ya taɓa ɗan mai haƙar kwal a Alabama shi ne wanda yake shiga gidajenmu.

A wancan zamani wariyar launin fata doka ce a kudancin Amurka. Makaranta dabam, asibiti dabam, har wurin zama a mota dabam. Kurame ma ba su tsira ba, gama a garin Talladega akwai makarantar kurame ta Turawa, akwai kuma ta baƙaƙe. Ta baƙaƙen ce aka kai Andrew, karatunta kuwa bai wuce aji shida ba. Wato dai hukuma ta riga ta yanke cewa baƙin yaro kurma ba shi da bukatar abin da ya fi haka. Da ya kai shekara 17 sai ya bar Alabama ya tafi birnin Detroit a arewacin ƙasar, ya zauna wurin wata 'yar'uwar iyayensa. Lokacin ana cikin yaƙin duniya na biyu, masana'antu suna neman ma'aikata. Da rana yana aiki, da dare yana karatu, yana kuma yin wani karatun ta gidan waya da wata makaranta a Shikago, har ya sami takardar sakandare, ya kuma sami takardar shaida a fannin lissafin kuɗi da sha'anin kasuwanci. A Detroit ɗin ne kuma, a wata ikilisiya da ake kira Bethany Pembroke, ya ba da ransa ga Almasihu. Wata rana wani ɗan mishan daga ƙasar Jamaika ya zo ya yi magana a kan aikin bishara a ƙasashen waje. Tun daga nan tunanin Afirka ya shiga zuciyarsa, bai sāke fita ba.

A lokacin akwai wata kwaleji a birnin Washinton wadda aka kafa domin kurame tun 1864, ana kiranta Gallaudet. Sunan wani fasto ne aka sa mata, Thomas Hopkins Gallaudet, wanda ya fara aikinsa saboda wata ƙaramar yarinya 'yar maƙwabcinsa, Alice Cogswell, da zazzaɓi ya kurmantar tun tana ƙarama. Shi ne ya ƙetare teku ya tafi Faransa ya koyo hanyar koyarwa da hannu, ya dawo tare da wani malami kurma mai suna Laurent Clerc, suka buɗe makaranta a garin Hartford a 1817. Abin takaici shi ne, kwalejin da take ɗauke da sunan wannan mutumin kirki ta yi shekara da shekaru ƙofarta a rufe ga baƙar fata. Andrew ya nemi shiga aka hana shi, ya sāke nema aka sāke hana shi. Sai a 1951 aka karɓe shi. Karatun da ake yi a shekara huɗu ko fiye, shi a shekara uku ya gama, ya fito a 1954 da digiri a fannin koyarwa, ya zama baƙar fata na farko da ya sami digiri a wannan kwaleji. A wannan shekarar ce ma kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. Bai tsaya nan ba. A 1955 ya sami digiri na biyu a jihar Michigan, a 1956 kuma ya ƙara wani a fannin aikin mishan a wata kwalejin Kirista da take birnin Seattle.

To, ga saurayi ɗan shekara 31, da digiri uku, da kira a zuciyarsa, yana neman wanda zai aike shi. Ya bi ƙungiyoyin mishan ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta karɓe shi. Ga shi baƙi, ga shi kurma. A nan ya kamata mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba: ba marasa bi ne suka rufe masa wannan ƙofa ba, masu wa'azin bishara ne, waɗanda suke karanta wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa kamar yadda muke karantawa. Kafin mu yi saurin ganin laifinsu kuma, sai mu tambayi kanmu ko kwamitin ikilisiyarmu zai yarda ya tura kurma makarantar Littafi Mai Tsarki da kuɗin baiko. Shugaban kwalejin Gallaudet na lokacin, Leonard Elstad, shi ne ya ƙarfafa masa zuciya. A 1956 Foster ya kafa tasa ƙungiyar a Detroit domin kuramen Afirka, wadda daga baya aka san ta da suna Christian Mission for the Deaf. Ya shiga yawo ikilisiya zuwa ikilisiya yana bayyana nufinsa yana tara gudummawa kaɗan-kaɗan.

A 1957 ya sauka a Ankara, babban birnin Gana, a shekarar da ƙasar ta sami mulkin kai a ƙarƙashin Kwame Nkrumah. A lokacin makarantun kurame da aka sani a duk faɗin Afirka 12 ne kawai, su ma kusan dukansu suna can ƙasashen Larabawa na arewa ne ko kuwa Afirka ta Kudu. Ana ba da labari cewa a wurare da dama da ya je, ma'aikatan hukuma sukan gaya masa babu kuramen yara a yankinsu. Ba lalle ne ƙarya suke yi da gangan ba. Yaran suna nan, amma suna cikin gida, ko gona, ko bakin rafi wurin ɗiban ruwa, ba a lissafa su cikin waɗanda za a kai makaranta, waɗansu iyayen kuma ɓoye su suke yi don kunya. Ikilisiyar Presbyterian ta ba shi aron aji guda a makarantarta da take unguwar Osu, da sharaɗin sai 'yan makaranta sun tashi. Saboda haka da yamma yake koyar da yara, da dare kuma manya. Da ɗalibai 12 ya fara. Ba a daɗe ba suka haura 50, jerin masu jiran a sami wuri kuwa ya kai ɗaruruwa. Yaran da aka ce babu su, ga su nan iyaye suna kawo su daga ƙauyuka masu nisa. Daga baya aka sami fili a Mampong-Akwapim a kan tuddai, aka mai da makarantar can ta zama ta kwana, gwamnatin Gana kuma ta karɓi ragamarta a ƙarshe.

Ku tsaya ku yi tunanin abin da ake nufi da wannan aji na Osu. Akwai bambanci babba tsakanin Foster da yawancin ɗalibansa. Shi ya kurmance yana da shekara 11, harshe ya riga ya zauna a kansa, ya san sunayen abubuwa, ya iya karatu. Amma yaron da aka haifa kurma a gidan masu ji, ko ya kurmance tun yana goye, yakan kai shekara goma ko fiye bai san yana da suna ba. Ana nuna masa tuwo, ana nuna masa fartanya, ana dukansa idan ya yi kuskure, amma ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin kome. Idan mahaifinsa ya rasu, sai dai ya ga ana kuka, ba mai iya bayyana masa. Irin waɗannan ne Foster ya zaunar a kan benci, ya fara da nuna musu cewa kowane abu yana da alama, kowane mutum yana da suna, Wanda ya halicce su kuma ya san nasu. Ayar da ya fi riƙewa a duk rayuwarsa ita ce Ishaya 29:18, inda annabi ya hango ranar da maganar Littafi za ta kai ga kurame su ma. Shi ya sa bai taɓa raba karatu da bishara ba. A ganinsa ba yadda za ka yi wa mutum wa'azi idan ba ka fara ba shi harshen da zai fahimta da shi ba.

A 1959 ya je babban taron kurame na duniya a garin Wiesbaden na ƙasar Jamus. A can ya haɗu da wata budurwa Bajamushiya mai suna Berta Zuther, ita ma kurma ce tun tana ƙarama, ita ma tana da nauyin aikin mishan a zuciyarta. Ta biyo shi Afirka ta shiga aikin. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, Foster ya buɗe makarantar kurame ta mishan a Ibadan. A farkon 1961 aka ɗaura musu aure a Ibadan ɗin, Allah kuma ya albarkace su da 'ya'ya biyar, maza huɗu da mace ɗaya. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya ya ƙara makarantu biyu a Nijeriya, ɗaya a Inugu, ɗaya a Kaduna. Ba shi ne ya fara tunanin kurame a ƙasar nan ba, gama kafin zuwansa waɗansu sun riga sun fara ƙoƙari a Legas. Amma shi ne ya zo da koyarwa da hannu a aji, shi ne kuma ya sa mutane suka ga da idonsu kurma yana shugabantar makaranta, yana rubuta wa ministoci wasiƙa, yana riƙe da iyali. Ga uban da ya ɗauka ɗansa kurma ba zai wuce bara ko kiwon awaki ba, ganin Foster kaɗai ya fi wa'azi goma.

Batun koyarwa da hannu ɗin nan ba ƙaramar gardama ba ce, kuma ita ce ta shafi tambayar uwar da na ambata. A 1880 malaman kurame na ƙasashen Turai da Amurka, kusan dukansu masu ji, sun taru a birnin Milan na Italiya suka zartar cewa koyar da magana da baki da karanta leɓe ita ce hanyar da ta fi, a kawar da hannu daga aji. Hujjarsu ita ce daidai wadda kakar yaronmu take bayarwa, wai hannu yana hana baki buɗewa. Aka yi kusan shekara ɗari ana bin wannan. Aka sallami malamai kurame daga aiki, a waɗansu makarantu har ana hukunta yara idan an kama su suna magana da hannu. Waɗansu yara, musamman masu sauran ji ko waɗanda suka kurmance da wayonsu, sun iya magana. Amma da yawa sun fita makaranta ba baki, ba hannu, ba karatun kirki, gama an cinye shekarunsu wajen koyon furta sauti maimakon koyon ilimi. Sai a 2010, a taron da aka yi a birnin Vancouver na Kanada, magadan wancan taro suka fito fili suka janye shawarar Milan suka nuna nadama. Foster bai jira wannan ba. A makarantunsa ana amfani da duk abin da zai kai ma'ana ga yaro: alamun hannu, da rubuta haruffa da yatsu, da magana da baki, da karanta leɓe, da rubutu a allo. Bai ƙi baki ba, shi kansa yana magana. Abin da ya ƙi shi ne a bar yaro ba harshe ana jiran ranar da bakinsa zai buɗe.

Wani abin mamaki shi ne, a wannan shekara ta 1957 da Foster yake share aji a Osu, waɗansu likitoci biyu a birnin Paris na Faransa, André Djourno da Charles Eyriès, suka sa wa wani kurma 'yar waya a jikin jijiyar ji suka tura mata lantarki, mutumin kuwa ya ji wani sauti. Daga nan aka fara. A 1961 wani likita a Los Angeles, William House, ya yi nasa gwajin. A 1978 Graeme Clark na ƙasar Ostireliya, Kirista ne wanda kurumtar mahaifinsa ta sa shi shiga wannan fanni, ya dasa na'ura mai layuka da yawa wadda ta sa mutum ya iya rarrabe kalmomi. A bakin teku ya gane yadda za a zura wayar, sa'ad da ya ɗauki ƙwaryar katantanwa ya tura sillen ciyawa a ciki ya ga yana bin lanƙwasarta. Dalili kuwa, can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani sashe mai siffar katantanwa, cike da ruwa da waɗansu ƙananan gasu wajen 15,000 waɗanda suke mai da sauti saƙo zuwa ga jijiya. Su ne sanƙarau yake lalatawa, idan sun mutu kuwa ba sa sāke tsirowa. Na'urar tana tsallake su ne. Akwai sashen waje da ake rataya wa a bayan kunne, yana ɗaukar sauti yana sarrafa shi, maganaɗisu yana riƙe shi a jikin kai. Akwai kuma sashen ciki da likita yake dasawa a ƙarƙashin fata, da siririyar waya da take shiga cikin katantanwar tana taɓa jijiyar da lantarki. A Amurka an amince a yi wa manya a 1984, yara 'yan shekara biyu zuwa sama kuma a 1990, wato shekara uku bayan rasuwar Foster. Bai ga zamanin da wannan aiki ya yaɗu a tsakanin yara ba, saboda haka kada kowa ya sa masa magana a baki a kai.

Amma akwai abubuwan da iyaye ya kamata su sani. Idan sanƙarau ne ya jawo kurumtar, ƙashi yakan iya tsirowa a cikin katantanwar ya toshe ta cikin 'yan watanni, don haka duk yaron da ya tashi daga wannan ciwo a gwada jinsa nan da nan, kada a ce sai ya yi ƙarfi. A Kaduna akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa. Sa'an nan aikin tiyatar farkon tafiya ne kawai. Sai bayan 'yan makonni ake kunna na'urar, a yi ta komawa ana daidaita ta, a yi shekaru ana koya wa yaro ya gane abin da yake ji, ga batir da gyara da ba su da ranar ƙarewa. Sautin ma ba irin wanda mu muke ji ba ne, gama layuka ashirin da 'yan kai ba za su yi aikin gasu dubbai ba. Waɗansu yara sukan yi magana har ka rantse ba abin da ya same su, waɗansu kuwa kaɗan suke samu, ba kuwa mai iya faɗa tun da wuri wanne naka zai zama. Da dare idan an cire na'urar, da lokacin wanka, da ranar da batir ya ƙare ko wani abu ya lalace ana jiran a kawo daga waje, yaron kurma ne kamar dā. Idan a irin wannan dare zazzaɓi ya kama shi, da wane harshe zai gaya wa uwarsa inda yake masa ciwo?

Abin da na gaya wa uwar ke nan: ta bi umarnin likita da na mai koyar da magana sau da ƙafa, ta sa masa na'urar duk lokacin da idonsa yake biyu, ta yi ta yi masa magana da waƙa, amma kada ta ɗaure hannuwanta. Masana ba su gama daidaita bakinsu a kan yawan alamun da ya dace a haɗa da magana ba, amma a kan abu guda sun yarda, wato shekarun farko na yaro su ne lokacin da harshe yake kama ƙwaƙwalwa, idan sun wuce a banza kuwa ba sa dawowa. Na kuma tuna mata da Markus sura 7, yadda Ubangiji ya jawo kurman nan gefe daga cikin taro, ya sa yatsunsa a kunnuwansa, ya taɓa harshensa, ya ɗaga ido sama, duk abubuwan da mutumin zai iya gani ya gane tun kafin kunnensa ya buɗe. Kakar ba ta gamsu ba tukuna, ban kuwa ga laifinta ƙwarai ba, gama ita ma gonarta ta shiga cikin kuɗin aikin.

Mu koma ga Foster. A 1970 kwalejin da ta taɓa hana shi shiga ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Daga tsakiyar shekarun 1970 ya juya ga ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya buɗe makarantu a Kwaddebuwa, da Togo, da Cadi, da Sanagal, da Benin, da Kamaru, da Afirka ta Tsakiya, da Zayar, da Burkina Faso, da Burundi, da Gabon. Dabararsa ita ce ya nemo samari masu hazaƙa, kurame da masu ji, ya kawo su Ibadan a horar da su, su koma ƙasashensu su riƙe makaranta da ikilisiyar kurame da kansu. Waɗanda suka fi ƙwazo kuma ya nema musu hanya zuwa Gallaudet. Cikinsu akwai Seth Tetteh-Ocloo na Gana, da Gabriel Adepoju wanda ya kafa makarantar kurame a Ilorin, da namu na Arewa, Ezekiel Sambo, wanda ta hannunsa aka kafa makarantar kurame ta jihar Filato a 1977. A 1975 ciwon daji ya kama Berta, dole iyalin suka koma Amurka don magani. Daga nan Foster ya riƙa raba shekararsa biyu, wani sashe yana Afirka yana zagaya makarantu, wani sashe yana neman gudummawa a ƙasashen waje. Allah ya ba Berta sauƙi, ta ci gaba da riƙe ofishin mishan ɗin.

Ba za mu ce aikinsa ba inda ya gaza ba. Alamun da ya zo da su na kuramen Amurka ne, a ƙasashen Faransanci ma su ne aka ɗan gyara. Alhali kuwa kuramen Afirka ba su zauna hannu naɗe suna jiran baƙo ba. A Kano da sauran ƙasar Hausa akwai maganar hannu tun kaka da kakanni, kurame suna hira da ita a dandali da kasuwa, masu ji da yawa ma sun iya ta. A Gana akwai ƙauyen Adamorobe mai nasa harshen hannu, ba shi da nisa ma da Mampong. Da makarantu suka yaɗu da alamun Amurka, sai yaran da suka yi karatu suka fara raina na gida, suna ganinsa na marasa ilimi ne, har ya zama ɗan makaranta da dattijo kurma na garinsu ba sa fahimtar juna sosai. Mu da muka san darajar samun Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932 ya kamata mu gane wannan rashi fiye da kowa. A wani gefen kuma, wannan harshe na makaranta shi ne ya sa kurma daga Jos zai sauka a Ankara ko Kwatano ya sami abokin hira a ranar, abin da mu masu baki ba mu da shi.

Ran 3 ga watan Disamba, 1987, Foster yana gabashin ƙasar Zayar yana so ya wuce Kenya. Aka sami wurin zama guda da ba kowa a wani ƙaramin jirgin sama na haya, ya shiga. Jirgin ya faɗi a kusa da garin Gisenyi a ƙasar Ruwanda, a nan ya rasu yana da shekara 62. Ya bar makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13, da ikilisiyoyin kurame, da malaman da ya horar, waɗanda da yawansu suka je suka buɗe nasu makarantun. Berta da 'ya'yansu suka ci gaba da riƙe mishan ɗin, ita kuma ta rasu a 2018. A 2004 jami'ar Gallaudet ta sa wa wani zauren taronta sunansa, ƙungiyar baƙaƙen kurame ta Amurka kuma ta kafa masa mutum-mutumi a wurin.